Ƙusar da Mai Faci Bai Gani Ba

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Faci ya yi a kusurwar gidan man nan, tsakanin banɗaki da injin iska, kuma taya ba ta taɓa ba shi kunya ba. Sai bara idanunsa suka fara yi masa wasa. Da fari wani hayaƙi ne a gefe, daga baya hayaƙin ya shigo tsakiya ya yi zamansa. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, abin da ya tafi ya tafi.

Matarsa kaɗai ta sani. Ita ke jera masa kayan aiki a jaka kullum da safe, filaya a dama, reza a hagu, tana mita.

"Kai dai taurin kanka sai Allah. Ran da ka liƙa wa wani faci a goshi, ni ba ruwana."

Yakan yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Sau biyu aka kai ƙararsa wajen manajan gidan man cewa facinsa ya sace iska, manajan kuma ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in aka yi na uku, masu wankin mota zai ba wa kusurwar. To, wa zai ba makaho wani wurin?

Ran nan da hantsi wani malamin makaranta ya turo babur yana haki.

"Baba, taimaka mini. Tayar baya ce, sabuwa fil, ko wata ɗaya ba ta yi ba. Marar tiyub ce. Ga shi yara na jirana a aji."

"Kwantar da hankalinka, Malam. Yanzu za ka wuce."

Baba ya ba tayar iska, ya yayyafa ruwan sabulu. Don idon mutane yake yayyafawa, shi ya daɗe da daina ganin kumfa. Da kunne yake kamo huji. Amma ranar an ɗauke wuta, janareton gidan man na ta ruri a bayansa, ko maganar malamin da ƙyar yake ji. Sai ya bi tayar da yatsu, yana juya ta a hankali, har ya ji wani abu mai tauri a maƙale cikin tsagar roba. Ya sa filaya ya fizge, ya yar.

"Ga ɓarauniyar nan," in ji shi.

Ya ɗauko ƙarfen nan mai kaushi da ake buɗa huji da shi kafin a cusa igiyar faci. Ya ɗora, ya danna. Ƙarfen ya ƙi shiga. A nan ya kamata ya tsaya, don ko ɗan koyo ya san ramin ƙusa ba ya gardama haka. Amma malamin na tsaye a kansa, kuma tsoro mugun mashawarci ne ga mai ɓoye abu. Ya sa ƙirji ya danna da dukan ƙarfinsa. Robar ta huje, iska ta feso masa a fuska.

Malamin ya sunkuya ya tsinci abin da aka yar.

"Baba, wannan ai tsakuwa ce."

Baba ya toshe hujin da yatsa.

"Ga ƙusar nan gefen yatsanka, kumfa na ta tashi. Ba ka gan ta ba?"

Sai Baba ya ji wata 'yar iska na kai da komo a gaban fuskarsa. Ya gane hannu ne malamin ke kaɗa masa. Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Da malamin ya yi faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Amma sai ya tsuguna, ya sassauta murya.

"Kawo, Baba. Faɗa mini yadda ake yi."

Haka mai facin shekara talatin da ɗaya ya zauna a kan benci, hannuwa a cinya, yana koyar da mai babur. Zura igiyar a kunnen allurar har tsakiya. Shafa mata gam. Cusa, ka bar kamar gaɓar yatsa a waje. Zare allurar a miƙe, kada ka murɗa. Yanke da reza. Malamin ya yi na farko, ya cire ƙusar, ya yi na biyu. Ya yi da kyau kuwa, Baba ya shafa ya ji.

Ya kuma ji abin da bai so ji ba. Facin biyu sun kusa haɗuwa.

"Malam, ba zan cuce ka ba. Huji biyu kusa da juna haka ba sa riƙewa. Kada ka ɗauki iyali a kanta, kada ka yi gudu. Tayar nan ta tashi daga aiki, kuma ni na kashe ta."

Malamin ya dubi tayar, ya dubi Baba.

"Ba komai, Baba. Ba wanda zai ji daga bakina. Allah ya ba ka lafiya."

Ya tada babur ya tafi. Baba ya durƙusa yana laluben filaya da reza a ƙasa, zuciyarsa na ɗan saukowa. Ashe dai akwai sauran mutanen kirki. Wataƙila ya ƙara wata ɗaya a nan, wataƙila biyu.

Da ya ɗago, sai ya hangi wani dogon duhu kusa da injin iska. Ya ɗauka tarin tsofaffin tayoyi ne, ya miƙa hannu zai dafa ya tashi. Hannunsa ya sauka a kan rigar mutum.

"Sannu, Baba," in ji manajan. "Tun ɗazu nake tsaye a nan."