Ɗan Akwatin da Na Tsallake

"To, ki ce mata ta duba cikinta mana," in ji maigidana, yana ɗaure igiyar takalmi.

"Na gaya mata! Cewa take ba ta san shi ba."

Na juyo masa da kwamfutarsa, wadda ya ara mini don in koyi rubuta manhaja. A baƙin allon da ake ba ta umarni, amsa ɗaya take ta maimaitawa: ba ta sami wannan umarnin ba. Alhali da hannuna na saka mata yaren rubuta manhajar da zan koya, ina kallo ya shiga.

"Amarya," ya ce, murya a tausashe, na san mai nauyi ce ke tafe. "Kwamfutar nan ta cika fal. Jiya ko zanen gini ɗaya ta ƙi ajiye mini. Kin tara bidiyon darussa kamar mai shirin buɗe makaranta. Yau zan tafi da ita ofis a share komai."

Makonni ina sauke darussa, ina sauya wa allon rubutu launi, amma ko layi ɗaya ban rubuta ba. Duk da haka mamaki ya fi kunya cina.

"Tsaya tukuna, Yallaɓai. Ta yaya abu zai zauna a cikinka ka ce ba ka san shi ba?"

"Kamar ni da sukari a gidan nan. Tun da kika sake jeren kicin yana nan, amma wa ya gaya mini inda yake?"

Na fara dariya, sai na tsaya cak. Ita kwamfutar, wa ya gaya mata inda yaren yake?

Na sake buɗe abin da ke saka yaren. Ranar farko "gaba, gaba" kawai na yi ta dannawa, kamar yadda kowa ke yi. Yau na karanta. Can ƙasa ga wani ɗan akwati, ko ƙwayar gero ta fi shi, yana tambaya ko a nuna wa kwamfuta hanyar da za ta bi ta same shi. Na danna shi, na sake saka yaren. Na rufe baƙin allon, na sake buɗewa, na kira sunan yaren.

Ya amsa. Wallahi sai da idona ya ciko.

Nan take na rubuta layina na farko. Maigida ya sunkuyo ta kafaɗata, ƙamshin turarensa ya lulluɓe ni, ya karanta abin da ta fitar: "Sukari yana bayan gwangwanin shayi."

"Lallai! Ita ma kin riga ni gaya mata?"

Na riƙe hannun rigarsa. "Ba inda za ka kai ta. Yanzun nan zan share bidiyon duka, in bar darasi ɗaya tak, kuma ba zan sauko da wani ba sai na gama shi."