Tagar Solange

A garinmu na bakin kogin Loire, duk wanda bai buɗe ƙyauren tagarsa da safe ba, to ko ya mutu ko yana hanya. Ni Huguette mai burodi tun asuba nake tsaye, babu tagar da ban san lokacinta ba.

Solange maƙwabciyata ce. Ƙanenta Armand yana tsallaken kogi, gidansa na kallon nata. Sun shekara da shekaru ba sa ga maciji a kan kwalekwalen ubansu, wanda ya riƙa ƙetarar da mutane bayan an fasa gada lokacin yaƙi. Solange ta ba magajin gari shi kyauta, aka cika shi da ƙasa, aka shuka furanni a ciki. Armand ya rantse ba zai sake taka gada ba. Taurin kai gadonsu ne, na kuma faɗa wa kowannensu ido da ido.

Amma kullum safe sai ya fito bakin ruwa da ƙugiyar da ko tana ba ya sa mata. Tana buɗe taga, sai ya koma gida.

Da za a kai ta asibitin birni, ta danƙa mini makulli, ta ce in riƙa buɗewa kada hankalin wancan wawan ya tashi. Na ce bari in gaya masa, ta harare ni. Haka na yi ta buɗewa har ranar da aka bugo waya cewa ta cika.

Ban gama share hawaye ba sai ga Armand a ƙofar shago, cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, da kifi a nannaɗe cikin jarida. Ya ƙetaro gada. Ya ce tun kwanaki ya gane ba hannunta ba ne, ita a hankali take turawa, ni kuwa bankawa nake yi kamar mai faɗa da katakon. Kunya ce ta hana shi zuwa da wuri.

"Huguette, raka ni wajenta. In ni kaɗai ne, koro ni za ta yi."

Na gaya masa, zuciyata kamar ta fashe. Ya zauna a kan buhun fulawa, kifin a cinyarsa. Masu sayen burodi suka shigo, suka fita ba su sayi komai ba.

Da zai tafi na miƙa masa makullin, tunda gidan yanzu nasa ne. Ya mayar da hannunsa baya.

"Riƙe," ya ce. "Gobe ma ki buɗe. A hankali."