Sanarwar Ƙarfe Ɗaya da Rabi

Ina da wata 'yar matsala da ban taɓa kai wa likita ba: ina ba da labarin abu kafin ya faru. Na taɓa sanar da dangi na sayi mota alhali ina kan zagaye ta ne a wurin dillalai. Saboda haka ba wanda ya kamata ya yi mamaki ranar da na zauna a falon Yayana, kofin shayi a hannu, na ce aikina ya shiga kanel.

"Ya shiga ina?" in ji Yaya.

"Kanel, Yaya. Ita ce cibiyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Duk manhajar da ka buɗe, wurinta take neman izini. Wayarka ma da irinta take aiki."

Yaya ya juya wayarsa ya duba bayanta, ko zai ga sunana. Kafin sati ya zagayo ya gaya wa surukansa, abokan aikinsa da mai yi masa aski. Gaskiyar magana kuwa, aikin bai shiga ko'ina ba. Yana bakin ƙofa, sau shida ana koro shi.

Ga yadda abin ya samo asali. Kamfanin da nake wa aiki na kai kaya ne, direbobi suna kira ofis duk wuni, kuma duk kiran yana bi ta wata babbar kwamfuta da muke kira saba, a wani ɗan ɗaki kusa da wurin ajiye bokiti da tsintsiya. Ba mai shiga ɗakin sai ni da Inna mai shara. Ni ma abin da ke kai ni kullum da sha biyu shi ne kwanon abincin da matata ke haɗo min. Nakan naɗe shi da tawul in ɗora a saman na'urar, saboda wurin akwai ɗumi mai daɗi.

To, kullum wajen ɗaya da rabi sai muryoyin direbobi su fara kakkatsewa. Direba ya ce yana gada, mu ji "ga," mu ji "da" bayan ya iso. Wata biyu ina bincike kafin na gano cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, idan ta ji zafi tana rage gudu don kada ta ƙone. Kanel ta san da haka, amma sai ta yi gum. Manhajar kira kuwa ta yi ta loda wa furosesa kaya kamar lafiyarta ƙalau. Sai na rubuta faci, ɗan gyara mai layi ɗari biyu, wanda zai sa kanel ta sanar da duk manhajar da ta nema cewa gudu ya ragu, a sassauta. Ban tsaya tambayar me ke kawo zafin ba. Na ɗauka wannan aikin masu gyaran fanka ne, ni kuwa injiniya ne.

Mutumin da ke duba irin wannan gyara kafin ya shiga kanel ban taɓa ganinsa ba. Mai Ƙofa nake ce masa. Amsarsa ba ta wuce layi biyu. Ta farko: "Wa ke buƙatar wannan?" Ta huɗu ta nuna min na bar tazara biyu a inda ake barin ɗaya. Da na aika karo na bakwai ya rubuto: "Kawo alƙaluma daga na'ura mai aiki na gaske. Juma'a zan rufe karɓa."

Na ji daɗi. Alƙaluma ai a bayan ofis suke kwana.

Ran Lahadi ƙanwar matata ta haihu. Matata ta haɗa jaka.

"Sati guda zan yi, Injiniya. Akwai burodi."

"Burodi sati guda?"

"Mutumin da ke cikin wayar kowa ai ba zai rasa lambar mai abinci ba."

Litinin na kunna awo, na zauna da burodina a tebur ina jiran ɗaya da rabi. Ta zo ta wuce. Furosesa na gudu kamar an biyo ta. Talata haka. Oga ya leƙo yana murmushi, abin da bai saba ba.

"Kai, ka yi ƙoƙari. Kwana biyu ba direban da ya yi ƙorafi. Me ka taɓa?"

"Ƙananan abubuwa ne, Oga."

Laraba na rufe tagar ɗakin sabar, na kashe fankar sama, na tsaya ina zufa ina kallon lambobi. Na'urar ko gezau. Shekara ashirin ina roƙon kwamfutoci su yi aiki, ranar na tsinci kaina ina roƙon ɗaya ta gaza. Da yamma Yaya ya kira, wai surukinsa yana tambaya a wane shafi na wayar ake ganin sunan.

Alhamis Inna mai shara ta same ni a ɗakin, na durƙusa ina shafa gefen na'urar.

"Ɗan nan, ko wani abu ya faɗi?"

"A'a, Inna. Zafi nake nema. Ta daina zafi."

"To ai ka daina toshe mata hanci."

"Wane hanci?"

Ta miƙa bakin tsintsiya ta nuna ramukan da ke saman na'urar, inda iska mai zafi ke fita. Akwai zagayen shatin kwano a wurin, har da ɗigon mai da ya bushe.

"Kullum sai ka ɗora kwanonka da tawul a nan. Ko ni aka rufe wa fuska da tawul ai zan rage sauri."

"Inna, abin ya fi haka zurfi. Akwai maganar kanel."

"Ni dai ban san ta ba. Ina mai ɗakin naka, ta yi tafiya ne?"

"Ƙanwarta ta haihu."

"Allah ya raya. Shi ya sa na'urar ta samu hutu."

Ta ɗauki bokitinta ta fita. Na daɗe ina kallon shatin kwanon. Mutumin kirki da sai ya rubuta wa Mai Ƙofa ya janye facin, sannan ya kira yayansa. Na yi tunanin wannan mutumin, na yaba masa ƙwarai. Daga nan na tuna mai askin Yaya.

Juma'a da safe na fito da kwanon daga kabad, na wanke shi da kaina, na saka burodi biyu a ciki don kada a ce wofi ne. Sha biyu daidai na naɗe shi da tawul na ɗora. Ɗaya da minti ashirin da takwas furosesa ta rage gudu. Kanel, da facina a jikinta, ta sanar. Manhajar kira, da na gyara don gwajin ta riƙa neman sanarwar, ta sassauta, muryoyin direbobi suka fito tas. Alƙaluman sun yi kyau har na so in kira wani ya gani, amma Inna ce kawai a kusa. Na aika wa Mai Ƙofa, na rubuta a ƙasa cewa an auna ne a yanayin aiki na yau da kullum. Wannan ba ƙarya ba ce.

Amsa ta zo kafin a tashi aiki, kalma biyu: "An karɓa."

Na tura wa Yaya hoton shafin, na zagaye sunana da ja. Ya ce rubutun ya yi ƙanana, amma ya nuna wa kowa. Matata da ta dawo ta kalli kwanon a wanke ta ce lallai kanel ta canza ni.

Oga bai yarda a taɓa manhajar kira ba bayan gwajin. Ya ce satin nan ya nuna ba ta buƙatar komai, aka mayar da ita yadda take. Shekara biyu ke nan. Nakan bincika lokaci-lokaci in ga manhajoji nawa ne suka nemi sanarwar. Har yanzu ɗaya na samu, ni na rubuta ta, layi tara. Ita ce ke turo min saƙo a waya idan abinci ya yi ɗumi.