Yawun Auta

"Tofa a nan, 'yan mata," in ji likitar haƙori, tana miƙa wa Auta 'yar kwalba.

Auta ta ƙara matse baki. Shekarunta huɗu, haƙoranta biyu sun yi baƙi, ga taurin kai da kowa ya yarda na gado ne, sai dai ba a daidaita ko daga wane ɓangare ba.

Babanta, direban motar haya, yana tsaye a bakin ƙofa yana gumi, ga fanka tana juyawa a kansa. Tun da haƙorin ya fara ciwo ya rantse wa matarsa ya daina ba yarinyar alawa. Bai daina ba. Kullum in ya dawo aiki sai ta tare shi, shi kuwa zuciyarsa ba ta iya ce mata a'a. Yanzu ga shi za a kai yawunta ɗakin gwaji, kuma a saninsa na'ura ba ta rufa wa kowa asiri. Tsoro yake ji sosai, don matar tasa takan yafe komai ban da rantsuwar ƙarya.

"Likita, a ƙyale ta mana," ya ce. "Mamanta ce ta hana ta tofar da yawu a gaban mutane. Tarbiyya ce."

"Yau kuma ka san da tarbiyyata?" in ji matarsa da ke zaune a gefe. "Auta, na ba ki izini, tofa."

Auta ta girgiza kai.

Baban ya matso kusa da likita, ya rage murya. "Wai shi gwajin nan, yana nuna duk abin da mutum ya ci?"

Likita ta yi dariya. "A'a, malam. Wani sinadari muke aunawa, melatonin, wanda jiki ke ƙara fitarwa in duhu ya yi, lokacin barci. Bincike muke mu ga ko yana da alaƙa da ruɓewar haƙoran yara. Ba ruwanmu da abinci."

"Ko da sukari ne?"

"Ko buhu guda ta shanye."

Nan take gogan naka ya dawo hayyacinsa, har da gyara wuyan riga. Ya karɓi kwalbar, ya durƙusa gaban 'yarsa. "Haba Autar Baba, ki taimaki ilimi. Mu gidanmu ba mu da abin ɓoyewa."

Maganar Baba ba ta faɗuwa ƙasa a wurin Auta. Ta buɗe baki ta tofa. Yawun ya gangaro jajawur, sai ga guntuwar alawa ta biyo baya, ta faɗa ƙasan kwalbar da ɗan ƙara.

Likita ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa.

"A ina kika samu?" mamanta ta tambaya a hankali.

"A aljihun Baba. Akwai saura, Mama."

Matar ba ta ko dube shi ba. Tafin hannunta kawai ta buɗe masa.