Lambar Barewa

Da izgili aka fara kiransa Barewa. Shekara takwas baya likita ya gwada jininsa, ya ce masa in bai rage ƙiba ba, to ya fara sallama da iyalinsa. Washegari ya sayi takalmin gudu ya fita titi da sassafe, tumbi a gaba, yana haki kamar zai shiɗe. Wani mai walda da ke layinsu ya hango shi, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, a ba barewa hanya!" Sunan ya bi shi. A hankali tumbin ya zube, sunan kuwa ya zauna daram, har shi mai waldar ya sayi nasa takalmin ya bi bayansa.

Sana'arsa ɗab'i. Yana da ɗan shago mai inji biyu a ƙasa, da ɗakin ajiyar takarda a sama, matakala goma sha huɗu tsakaninsu. Wuni guda a tsaye yake, cikin warin tawada da ƙarar inji da masu zuwa suna cewa aikinsu na gaggawa ne. Awa ɗayan nan ta gudun safe ita kaɗai ce tasa, babu mai kiransa, babu mai neman wani abu a wurinsa. Daga shi da mai walda masu gudun suka ƙaru har suka kai mutum talatin, suna haɗuwa a shataletalen bakin kasuwa Talata da Alhamis da Asabar. Shi ke zaɓen hanya, shi ke cewa a tashi.

Cikinsu har da ƙanin matarsa, malamin makaranta, wanda ake kira Tulu saboda cikinsa. Barewa ne ya jawo shi da kyar shekara biyu da suka wuce. A makon farko sau uku Tulu yana zama a bakin kwalbati yana rantsuwa ba zai ƙara ba, Barewa na tsaye a kansa yana ce masa, "Tashi, ragon banza, yayarka ma ta fi ka ƙashi." Yanzu Tulu ya saba, ya rame, sai dai har gobe a bayan Yayansa yake gudu.

Buri ɗaya ya rage wa Barewa. Duk shekara ana tseren kilomita ashirin da ɗaya a garin, sau biyar yana shiga, bai taɓa gamawa ƙasa da awa biyu ba. Mafi kyawun abin da ya yi shi ne awa biyu da minti huɗu. Minti huɗun nan sun tsaya masa a maƙogwaro. Bana, yana da shekara hamsin da biyu, ya ce ko ana ha maza ha mata sai ya cire su. Ya yi rajista tun ranar da aka buɗe, ya ƙara nisa, ya ƙara hawan tudu.

Saura wata biyu a yi tseren, agararsa ta hagu ta fara magana. Da farko da safe ne kawai: in ya sauko daga gado sai ya ji bayan dunduniyar ya ƙage, ya yi taku goma yana ɗingishi kafin ya sake. In ya fara gudu jiki ya yi zafi sai ciwon ya lafa, shi ya sa ya ce ba komai. Matarsa ce ta fara lura.

"Baban yara, me ya sami ƙafarka?"

"Kwanciya ce na yi a kanta."

"Kwana shida kana kwanciya a kanta?"

Ya yi kamar bai ji ba. Da wurin ya kumbura har bakin takalmi ya fara gurzarsa, ta kafe sai sun je asibiti. Likitar gashin ƙashi, wata mata mai gilashi da ba ta da yawan magana, ta sa shi ya kwanta rubda ciki, ta matsa jijiyar da yatsu biyu. Bai san lokacin da ya damƙi katifar ba.

"Malam, jijiyar nan ta gaji," in ji ta. "Sati shida ba gudu. Zan nuna maka motsa jikin da za ka riƙa yi a bakin matakala, safe da yamma. Ka sa ƙanƙara. In ka bi, za ka koma titi."

"Likita, ina da tsere nan da sati bakwai."

"Akwai na baɗi."

"Baɗi ina da hamsin da uku."

Ta cire gilashin ta dube shi. "Ni dai na faɗa maka abin da na gani. In ta tsinke, ba maganar sati za mu yi ba."

Kwana tara ya yi yana bin maganar likita. Yana tashi a lokacin da ya saba, ya zauna a bakin gado da ƙafa cikin bokitin ƙanƙara, wayarsa na ta ƙara da hotunan 'yan ƙungiya. Ran Asabar mai walda ya rubuta, "Barewa ta zama kunkuru, Allah ya ba mu lafiya." Kowa ya sa dariya. Shi ma ya sa, amma ranar ko abin kari bai ci ba. A shago ya yi wa wani mai katin gayyata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, mutumin ya kwashi aikinsa ya tafi.

A kwana na goma ya tsaya a kantin magani ya sayi ƙwayar kashe zafi, ya ɓoye a aljihun tebur na shago. Biyu kafin gudu, biyu da rana. Ya naɗe ƙafar da bandeji, ya ja doguwar safa ya rufe. Da ya iso shataletale aka yi ta tafi, ya ɗaga hannu ya ce, "Wa ya ce na mutu?" Ya ji daɗin tafin nan fiye da yadda ya kamata.

Tulu ne kaɗai ya matso kusa da shi a hanya. "Yaya, kana jan ƙafar hagu fa."

"Kai dai ka kamo ni tukuna, sannan ka gyara mini gudu."

A gida matarsa ta daina magana. Takan ajiye masa bokitin ƙanƙara a bakin ƙofa ta wuce, ko kallonsa ba ta yi. Rana ɗaya ce kawai ta tsinci fankon maganin a aljihun wandonsa wajen wanki, ta kawo ta ajiye kusa da farantinsa.

"Da ka fara gudun nan cewa ka yi don mu kake yi, don kada ka mutu ka bar mu. Wannan kuma don wa?"

Ya ture fankon gefe, ya jawo farantinsa.

Ya ci gaba a haka sati biyar. Ƙwaya biyu suka koma uku. Cikinsa ya fara zafi, ya riƙa shan madara a kai. Amma agogo na nuna masa abin da yake so: a gwajin ƙarshe ya yi kilomita goma sha takwas da saurin da zai kai shi ƙasa da awa biyu. Ya karɓo lambarsa ran Laraba, ɗari huɗu da bakwai, ya kawo gida ya ɗora a kan rigar da zai sa, da allurai huɗu na maƙalawa.

Ran Juma'a da hantsi, saura kwana biyu, takarda ta ƙare masa a tsakiyar aiki. Ya hau sama ya ɗauko ƙunshi biyu a kafaɗa. A matakala ta uku daga ƙasa ya ji ƙas, kamar an karya busasshen kara, ya ji kuma kamar an maka masa dutse a bayan ƙafa. Har ya waiwaya a fusace don ya ga wanda ya jefe shi. Babu kowa. Ya ce bari ya taka, ƙafar ta ƙi, ya zube tare da takardun. Injin na ta ƙara shi kaɗai har mai walda, da ke kusa da shagon, ya ji kiransa ya shigo.

Abin da ya fi cin ransa a gadon asibiti shi ne wurin da abin ya faru. Da a kilomita na ashirin ne ta tsinke, a gaban jama'a, da ya sami abin faɗa. Sai ga shi a matakalar shago, da silifas a ƙafa. An sa tiyata ran Litinin. Likitar gashin ƙashi ta leƙo, ta duba hoton ƙafar, ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ma ta faɗa, da ya sami wadda zai huce haushi a kanta.

Ran Asabar da yamma Tulu ya zo da ayaba da lemu. Ya zauna yana ta juya makullin babur a hannu, ya tambayi jiki sau uku.

"Faɗi abin da ya kawo ka," in ji Barewa.

"Yaya, ka san ni na yi sakaci har aka rufe rajista. To na ce, tunda lambarka tana nan..."

Barewa ya dubi matarsa. Ita kuwa tana ɓare lemu, ta ce, "To me za ka yi da ita? Jiƙawa za ka yi ka sha?"

"An hana," ya ce. "Lamba ta mai ita ce."

"Wa zai duba, Yaya? Mutum dubu biyu. Ni dai in gama ne kawai, ko da rarrafe. Don kai zan yi."

Ya juya fuska bango. "Tana kan rigata. Ka ɗauki alluran ma."

Ran Lahadi bai taɓa wayar ba sai da rana ta take. Saƙo na farko daga wani tsohon abokinsa ne da ya koma wani gari, wanda bai san abin da ya faru ba. Ya turo hoton jerin sakamako, ya zagaye layi ɗaya da ja. Sunan Barewa ne cikakke, da shekarunsa, da lamba ɗari huɗu da bakwai. Awa ɗaya da minti hamsin da ɗaya. Na uku a rukunin 'yan sama da hamsin. A ƙasa abokin ya rubuta, "Tsoho, ashe da sauranka! Wallahi na yi alfahari da kai."

Ya daɗe yana kallon layin. Minti goma sha uku ƙasa da abin da ya taɓa yi a rayuwarsa. Wato duk watannin nan Tulu na iya wuce shi, yana dai rage gudu ne a bayansa don kunya. Ya tuna yadda yake juyowa yana ce masa ya ɗaga ƙafa, sai ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

Da la'asar 'yan ƙungiya suka cika ɗakin, su goma sha wani abu, da gumi da hayaniya, har nas ta zo ta yi musu magana. Tulu ya ciro lambar yabo ta tagulla da aka ba na uku, ya rataya masa a wuya. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Mai walda ya ce, "Barewa ta ci tsere tana kwance!" Barewa ya yi dariyar yaƙe har suka fita. Sannan ya cire abin ya miƙa wa matarsa.

"Ki mayar masa. Ki ce ya kai wa masu shirya tseren, ya faɗi gaskiya. Akwai wani tsoho can da ya zo na huɗu, ya yi gudun da ƙafarsa."

"Haba, Baban yara, yaron nan don ya faranta maka ya yi."

"Na sani. Ki mayar."

Tulu ya kai. Aka soke sakamakon, aka kuma hana mai lambar shiga tseren na shekara biyu, tunda shi ya ba da ita. Tulu ya yi fushi, ya ce an kunyata shi a gaban mutane. Ya zo gaisuwa sau ɗaya bayan tiyata, a tsaye, bai ƙara ba. Matar Barewa ta shiga tsakani, ta gaji ta bari, sai dai in ƙaninta ya kira ta takan fita tsakar gida ta amsa.

Sati takwas a filasta da sanduna biyu, sannan takalmin roba mai nauyi har gwiwa. Ƙwaurin hagu ya tsotse ya zama kamar na yaro. Likitar ta sa shi ɗaga dunduniya yana dafe da bango, sau goma sha biyar, ya kasa ko biyar. Wannan karon bai yi mata gardama ba. Hotunan ƙungiya sun ci gaba da shigowa, yanzu Tulu ne ke zaɓen hanya. Wata rana ya kashe ƙarar saƙonnin, babu wanda ya lura.

A wata na bakwai likitar ta ce ya gwada: tafiya minti huɗu, gudu minti ɗaya, sau biyar, ba ƙari. Ya zaɓi Laraba, ranar da 'yan ƙungiya ba sa fita, ya bi ta bayan gidan ruwa inda babu kowa. Bai san sun ƙara rana ba. Yana cikin minti ɗayansa na uku ya ji takun jama'a a bayansa. Ya sunkuyar da kai, ya matsa gefe. Na gaba-gaba suka wuce kamar iska, bai ɗago ya ga ko su waye ba. Wata mata da bai taɓa gani ba, a can ƙarshen layi, ta rage gudu ta jera da shi.

"Sannu da ƙoƙari, Baba! Yau ka fara? Ka zo shataletale ran Asabar, muna da rukunin masu koyo. Ba a barin kowa a baya."

"Na gode, 'yata," ya ce.

Ta ɗaga masa hannu ta bi sauran. Agogonsa ya yi ƙara, minti ɗaya ya cika. Ƙafar ba ta ciwo, zai iya ƙarawa, ya ji a jikinsa zai iya. Ya tsaya, ya koma tafiya. Ya ƙarasa biyun da suka rage, ya juya gida.

Matarsa na shara a ƙofa. Ta dubi ƙafar kafin ta dubi fuskarsa.

"Yaya ta yi?"

"Ta yi minti biyar," ya ce, ya zauna a dakali yana kwance igiyar takalmi.