Akuyar Talle a Gidan Haya

Talle ya ɓoye akuya a ɗakin da yake haya a wani ƙauye bayan Kumasi, alhali ya san tsafin garin ya hana kiwon akuya. Lokacin korar baƙi, da ya gudo daga unguwar Asawase ta cikin Kumasi, tsohuwa Maame Pokua ce ta ba shi ɗakin, ta ce wa 'yan sanda ɗanta ne.

Da hantsi akuyar ta kwarma kuka, maƙwabta suka cika tsakar gida.

"Maame, ki gaya musu laifina ne," in ji Talle, kansa a sunkuye.

"Rufe min baki! Gidan naka ne?"

Ita aka kai gaban sarki. Yana raɓe a baya, tsohuwa ta tuɓe takalmi ta durƙusa, aka yanka wa tsafin tunkiyarta guda tilo don wanke laifin.