Tattabara ta Arba'in

Shekara tara Liao Chin-fa yana buga mujallarsa a Taipei, shekara tara kuma hukuma tana haramta ta, shi kuwa ko a jikinsa. Da sunaye uku ya yi wa mujallar rajista. In an rufe Gishiri, mako na zagayowa sai ga Tsumma a kasuwa, da irin zagin da irin zanen. Tsoho Pan, mai injin buga ta, yakan jibge kwafi ɗari biyar a bakin ƙofa don masu ƙwace su sami abin kai wa ofis, sauran kuwa tuni sun fice ta baya a cikin kwandunan kabeji.

Liao mutum ne siriri, haƙoransa jawur da taunar binlang, goron mutanen can, kuma ba wanda ya tsira daga bakinsa. Gwamnati ɓarayi, 'yan adawa ɓarayi masu jiran layi, talakawa kuwa tausayinsu ma ba ya ji. Duk ɗalibin da ya zo masa da zancen 'yanci, amsa ɗaya yake samu.

"'Yanci? Ina ɗan shekara sha huɗu na hau rufin gidanmu na buɗe wa tattabarun babana arba'in ƙofa. Kafin rana ta faɗi talatin da tara sun dawo suna neman tsaba. To, mutanen ƙasar nan ke nan. Sha shayinka."

Sai aka ɗage dokar sojan da ake haramta mujallar da ita. Fitowa uku a jere ba wanda ya zo ƙwace, kuma da ƙwacen ya tsaya sai masu sayen ma suka ja baya. Liao ya yi ta yawo yana cewa ai dama ya faɗa. Amma ba wannan ke cin sa ba.

Duk haramcin da aka yi masa, da takarda yake zuwa, ba suna sai hatimi, tare da kwafi ɗaya da aka bi da jan fensir. A kowane kwafi kuwa, an lanƙwasa kusurwar shafi na arba'in da shida, ba ko ɗigon ja a kansa. Shafin cike gurbi ne, inda yake zuba labarin tattabarun babansa in rubutu ya gaza. Wane ne wannan da ke karanta shi har can? Yanzu da takardun suka daina zuwa, sai ya ji tsoro na gaske: kada dai a ce mai karatunsa ɗaya ne tak a duniya, shi ma ya ɓace.

"Yaya Pan," in ji shi wata safiya, "sajan nan da ke zuwa ƙwace, ba shayinka yake sha ba? Tambayar mini wa ke riƙe da jan fensirin."

"Kai da ka ce duk karnuka ne, me za ka yi da sunan kare?"

"In ga fuskarsa kawai."

Bayan kwana huɗu Pan ya dawo yana ƙunshe dariya. "Karen naka mace ce. Kung Pi-yun. Ta yi ritaya, tana taya ƙanwarta sayar da taliya a bayan kasuwar Wanhua."

Da tsakar rana ya je. Ya zaci zai ga doguwar mace mai murtukakkiyar fuska, sai ya tarar da 'yar guntuwar tsohuwa da tabarau rataye a wuya tana yanka albasa. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Malam Liao, zauna. Ka fi hotonka tsufa. Da yaji ko babu?"

Ya zauna. Duk maganganun da ya tanado a hanya suka gudu, sai da kwano ya sauka a gabansa ya samo ɗaya.

"Madam Kung, shekara tara kina toshe mini baki. Kina iya barci kuwa?"

"Sarai. Kai ma ai ba ka rame ba." Ta goge hannu ta zauna. "Kada ka ɗauka na zo neman gafara. Aiki aka ba ni, na yi, kuma wasu sun sha wuya saboda shi, na sani. Amma kai? Sunaye uku da kwandunan kabeji? Ka ɗauka ba mu sani ba?"

Ya kusa shaƙewa da romo.

"Zagin naka ma ban cika kaiwa ƙarshe ba," ta ci gaba. "Layi biyu na farko sun isa in ja fensir. Bana kamar bara. Kowa ɓarawo, kowa matsoraci, sai kai kaɗai mai ido."

"To, shafin da kike lanƙwasawa fa?"

"Shi nake ajiye wa lokacin cin abinci." Ta sa tabarau ta ƙare masa kallo. "Dama ina da tambaya, shekara tara ba halin in yi ta. Ka ce arba'in ka saki, talatin da tara suka dawo. Na san mai ɗingishi, na san mai satar tsaba, na san wadda ta yi ƙwai a cikin takalmin kakarka. Ina ta arba'in ɗin?"

Liao ya ajiye tsinken cin abincinsa. Ba wanda ya taɓa yin wannan lissafin. Ɗalibai sukan yi dariya ne a kan talatin da tara su wuce.

"Shaho ya ci ta mana," in ji shi.

"Ka gani da idonka?"

Bai gani ba. Shuɗiya ce, ƙarama, ita babansa ya fi so. Tsohon bai buge shi ba, bai ko yi masa faɗa ba. Kullum da yamma dai yakan hau rufi da gwangwanin tsaba yana kaɗawa, shekara shida, har ƙafafunsa suka daina hawa tsani. Wata rana ya ce wa ɗan nasa, ba fushi a muryarsa, wataƙila ta sami inda ya fi nan. Liao bai taɓa rubuta wannan ba. Kunya yake ji, kuma labarin yana ɓata masa amsar da yake ba ɗalibai.

Ya gaya mata duka, kansa a sunkuye. Ita kuwa ta saurara kamar mai duba shafi.

"Rubuta shi," ta ce.

"In na rubuta, za ki duba mini kafin a buga?" Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ko ma ki haramta shi, in huta."

"Fensirin na bar shi a ofis, Malam Liao." Ta ɗauke kwanon ta miƙe, don wasu sun shigo suna neman wurin zama. "Yanzu ba mai hana ka. In bai fito ba, kai ka hana."